Shekarun Binciken Gidajen Gado

Na shiga aikin bincike ne saboda ni mace ce. Haka Dokta ya faɗa mini ranar da ya ɗauke ni, ba tare da wani kwana-kwana ba. Cibiyarsa ta samu tallafin yin nazari a kan gidajen gado na cikin birni, ma'aikatansa kuwa duk maza ne, iyakarsu soro. Yana neman wadda za ta yi sallama ta wuce har tsakar gida.

Lokacin na gama bautar ƙasa, ina zaune a gidanmu a Zaitawa. Na kai takarduna banki da wata makarantar kuɗi, shiru kake ji. Wata malamarmu ta jami'a ce ta kira ni ta ce in je Gwale, akwai wani bene a bakin titi, ƙasa kemis, sama ofis. Ta ce cibiya ce ta binciken manufofin gwamnati. Na tambaye ta ko ta gwamnati ce, ta ce a'a. Ta jami'a ce? Ta ce a'a, in dai je in gane wa idona.

Dokta tsohon malamin jami'a ne da ya ajiye koyarwa ya buɗe wurin. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kullum da jan biro a aljihun gaba. Bai wani tsaya kan sakamakon jarrabawata ba. Ya miƙo mini sharhin wata jarida a kan cunkoson cikin birni ya ce in karanta. Da na gama sai ya ce:

"To, Malama, a ce ke ce kwamishina, kin karanta wannan. Gobe da safe in kin shiga ofis, wa za ki kira, me za ki ce ya yi?"

Na sake bin takardar da ido. Marubucin ya ce ya kamata gwamnati ta farka, ya kamata a ji tsoron Allah, ya kamata a dubi halin talaka. Na ce, "Yallaɓai, bai faɗa ba."

Ya ce, "Mu aikinmu ke nan, mu faɗa. Ki zo ranar Litinin."

Bayanin aikin a gida ya fi samunsa wuya. Baba tela ne, shagonsa na bakin lungunmu. Ni ce 'yar fari, don haka ba ya kama sunana, sai dai ya ce "ke". Na same shi yana yankan wuyan riga, na durƙusa na faɗa masa cewa za mu riƙa bincike, mu rubuta, mu kai wa gwamnati shawara.

"Su suka ce ku yi?"

"A'a, Baba."

"Su za su biya ku?"

"A'a. Wasu ƙungiyoyi ne ke ba da tallafi."

Ya ajiye almakashi ya ɗan dube ni. "Wato ba da shawara ga wanda bai nema ba. To, halal ne dai. Allah ya sa albarka."

Gidan namu kansa gidan gado ne. Kakanmu ya rasu tun kafin a haife ni, amma ba a raba ba, saboda matarsa, Hajiya, tana raye, ba kuma wanda ya iya buɗe baki ya yi maganar rabo a gabanta. Ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti. Mu muna ɓangaren gabas. Ɓangaren Baffa, ƙanen Baba, a kulle yake tun da ya koma haya kusa da kasuwa. Jikin ɗakin Hajiya kuma akwai na Gwaggo, yayarsu duka, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ba ɗa ba jika. Alkaki da nakiya take yi na biki. Duk amaryar da aka kai daga lungunmu, da wuya a rasa aikin hannun Gwaggo a cikin gararta.

Watannin farko ban shiga gidan kowa ba. An ba ni tebur da tsohuwar kwamfuta da abin sawa a kunne, ina sauraron hirarrakin da maza suka yi da masu unguwanni ina rubutawa kalma da kalma. Aiki ne mai gajiyar da wuya da kunne. Amma a nan na koyi yadda tambaya ke lalacewa. In mai tambaya ya yi gaggawa, sai dattijo ya ba shi amsar da yake so ya sallame shi. In ya yi shiru ya jira, sai maganar gaske ta biyo baya.

Teburina yana kallon na wani saurayi ɗan Gwammaja da ya riga ni zuwa, asalin kakanninsa Borno. Shi ke kula da lissafi da taswira. Da ya ji mahaifiyata Bafulatana ce, shi ke nan ya samu abin wasa, kullum da safe sai ya tambaye ni inda na ɗaure shanuna. Ni kuma ban taɓa kiransa da komai ba sai Babarbare. Yana da kai, yana da baki, ya kuma san abin da ya zo nema. Wata rana muna cin gurasa a ofis ya ce mini:

"Ke Fillo, nan tasha ce, ba gari ba. Akwai motar gwamnati, akwai ta manyan ƙungiyoyi a Abuja, akwai ta karatu a waje. Tun wuri ki san wadda kike jira."

Na ce ni ban zo da jaka ba tukuna. Ya yi dariya ya ce kowa haka yake faɗa.

Da aka fara tura ni cikin unguwanni, sai mai unguwa ya haɗa ni da wata dattijuwa ta raka ni. Na shiga gidaje a Gwale, da Gwammaja, da Zaitawa. Wasu sun yi mini shimfiɗa, wasu sun bar ni a tsaye, wasu sun zaci rigakafi na kawo. Dokta ya kafa mana doka ɗaya: kada a yi wa kowa alkawari, kada a ce taimako na tafe. Wata tsohuwa a Gwale ta ba ni labarin ɗakinta tun daga ranar da aka kawo ta har ranar da 'ya'yan mijinta suka kawo dillali. Da na kashe rakoda ta ce, "'Yar nan, wannan maganar wa zai ji ta?" Na ce manya za mu kai wa. Ta ce, "To, ki gaishe su."

Abin da na yi ta gani iri ɗaya ne, sai dai fuska ta bambanta. Gida ya shekara da shekaru ba a raba ba, ba takardar mallaka, in ma akwai da sunan mamaci take. A cikinsa akwai wata mace, bazawara ko tsohuwa, zaune a ɗakin da kowa ya san nata ne amma ba inda aka rubuta. Ranar da aka sayar, ana ba ta kasonta, malamai sun lissafa daidai, ba wanda ya cuce ta. Sai dai kason ba ya sayen ko soro a cikin birni. Sai ta tattara ta bi wani ɗan'uwa zuwa bayan gari.

Ni aka ba rubuta wannan ɓangaren na rahoton. Na zuba duk abin da na ji, na kai wa Dokta damin takarda ina jin na yi abin kirki. Ya dawo mini da shi ja-wur. Duk inda na rubuta "abin tausayi" ko "baiwar Allah" ya soke. Labarin tsohuwar Gwale ya rage shi zuwa layi kaɗan. Na shiga ofishinsa raina a ɓace na ce ai ya cire ran abin.

Ya ce, "Tausayin naki ne, Malama, riƙe abinki, kada ki yar. Amma wanda za mu kai wa yana da taro kafin azahar, yana da wani bayan azahar. Ba shi abin da zai iya sa wa hannu."

Na sake rubutawa, ya sake sokewa, har na daina lissafi. Daga ƙarshe babban rahoton ya tafi kan kantar littattafai, abin da za a miƙa wa jami'ai kuma ya tsaya a takarda mai fuska biyu. Mun ce a riƙa yi wa gidan gado rajista da sunan duk magada, har da mata. Mun ce kafin a sayar wa bare a ba magajin da ke zaune a ciki lokaci da damar ya fara saye. Wani tsohon alƙali da muka tuntuɓa ya ce wannan ba sabon abu ba ne, shufu'a ce, tana cikin littattafai, hanya kawai za a sauƙaƙa. Sai kuma abin da Babarbare ya fi ƙarfafawa, cewa a buɗe wani asusu da zai ranta wa magaji abin da zai fanshi kason 'yan'uwansa, don dama ba ta da amfani ga wanda hannunsa ba komai.

Muna cikin wannan gyare-gyaren, da damina, Allah ya yi wa Hajiya rasuwa. Ba ta yi doguwar jinya ba. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki Baffa ya zo da yamma ya ce yana son ganin Baba da Gwaggo. Kowa ya san abin da ya kawo shi. Shagonsa na cikin waɗanda wata gobara ta cinye a kasuwa, tun daga nan yake tsaron shagon wani, ga 'ya'ya sun tasa. Ƙannensu mata biyu da ke aure sun aiko cewa duk abin da aka yanke sun yarda.

A soro aka zauna. Gwaggo ba ta fito ba, ta jawo kujerarta ta zauna daga ciki jikin ƙofa, inda za ta ji a kuma ji ta. Ni ruwa na kai musu. Zan juya sai Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ke, zauna. Ai wannan aikinku ne. Faɗa wa Baffanki abin da kuka gano."

Na zauna a bakin tabarma na faɗa, kusan yadda yake a takardar. Na yi maganar sunayen magada, da damar wanda ke ciki, da asusun. Baffa bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya gyaɗa kai.

"Na ji, 'yata. Maganarki ba ƙarya a ciki." Ya juya wajen Baba. "Yaya, ni na fi son kai ka saya. Kana da abin da za ka fanshi kasona da na yaran nan mata?"

Baba yana ta murza carbinsa.

Baffa ya dawo kaina. "Wannan asusun da kika ce, an buɗe shi?"

"Shawara ce muka rubuta, Baffa. Ba mu ma miƙa ba tukuna."

"To. Ni ma a ɗakin can aka yanke mini cibiya. Ba daɗi ne ya kawo ni ba. Ga azarar ɓangarena ta fara sunkuyowa, in aka ƙara damina biyu ƙasa za mu raba, ba gida ba."

Daga bayan ƙofa Gwaggo ta ce, "A sayar."

Baba ya ce, "Yaya, ki bari mu ƙara dubawa."

"Na ce a sayar. Ba ni zan zama dalilin da za ku daina gaisawa ba. Na ga gidajen da aka yi haka."

Aka yi addu'a aka tashi. Na kwashe kofuna na shiga ciki. Na tarar Gwaggo ta koma kan tankaɗen da ta bari.

Washegari na faɗa wa Dokta. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sannan ya buɗe fayil ya ce tunda abin ya shafe ni, za a cire gidanmu daga cikin waɗanda aka yi nazari a kansu, ɓangaren Zaitawa kuma wani zai sake dubawa, za a kuma rubuta a ƙarshen rahoton cewa ɗaya daga cikin masu binciken tana da alaƙa da irin wannan gida. A ranar na ga kamar mutumin nan ba shi da zuciya. Daga baya, da na ga yadda ake neman ƙaramar kafa a yi watsi da rahoto sukutum, na daina ganin haka.

An ƙaddamar da rahoton a wani otal a wajen ganuwa. Mun buga ƙyalle, mun jera kujeru, an kawo shayi da cincin. Ni aka sa in gabatar da sakamakon, Baba ya ɗinka mini sabuwar riga. Babban sakataren da aka gayyata ya zo a makare, ya karanta jawabin da aka rubuta masa, ya yaba mana, aka ɗauki hoto yana riƙe da rahoton. Sannan ya nemi afuwa ya ce ana jiransa a wani wuri. Masu kyamara suka bi shi, rabin ɗakin ya bi su.

Na tashi na yi wa sauran bayani. Akwai 'yan jami'a, da masu unguwanni biyu da muka roƙa suka zo, da ma'aikatan otal a tsaye a baya. Akwai kuma wani darakta mai furfura daga ma'aikatar da ke kula da filaye, wanda ya zauna har ƙarshe. Shi kaɗai ya yi tambayar da ta shafi aiki. Ya ce a cikin abubuwan nan wanne ne za a iya yi da umarnin ofis kawai, wanne ne sai an je majalisa. Kafin in gama haɗa amsa Babarbare ya miƙe ya warware masa tiryan-tiryan. Daraktan ya karɓi lambarsa.

Aka yi watanni ba labari. Sai wata rana daraktan ya aiko mana da kwafen wani umarni na cikin gida. An ce daga yanzu, in za a yi wa gidan gado rajista, a rubuta sunan kowane magaji. Ba a ambaci cibiyarmu ba. Ba a ce komai a kan damar saye ba, balle asusu. Dokta ya aika aka sayo tsire da lemo, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na ce masa ai wanda ba ya cin ko sisi suka ɗauka suka bar sauran.

Ya ce, "Na rubuta rahotannin da ko ledarsu ba a yage ba. Ci namanki."

Kafin wannan lokacin an riga an sayar da gidanmu. Wani ɗan kasuwa ne ya saya, ya ba mu wa'adi mai ɗan tsawo, ya yi mana mutunci. Baba da Gwaggo suka haɗa kasonsu suka sayi ƙaramin gida a wata sabuwar unguwa can bayan gari. Ranar tashi mota ba ta iya shiga lungun, sai da aka yi ta ɗaukar kaya a ka da baro zuwa bakin titi. Matan maƙwabta suka cika tsakar gida, wasu na kuka, wasu na taya ɗaure kwanuka. Gwaggo ce ke ba kowa haƙuri. Ta raba wa maƙwabta tukwanen da ta ce ba za su samu wuri a can ba, ta hau gaban akori-kura da turminta a baya.

A rahotonmu kalmar da muka yi amfani da ita ita ce rasa matsuguni. Gwaggo ba ta rasa matsuguni ba. Ɗakinta na sabon gidan ya fi na da girma, yana da taga biyu da silin, ga ruwan burtsatse a ƙofar gida, ita da kanta ta ce bayanta ya huta da jan guga. Abin da ya faru shi ne ta daina alkaki. A sabuwar unguwar ba wanda ya san ta, kowa da katangarsa da get, masu biki kuma daga kanti suke sayo kayan gara. Ba 'yan matan da za su shigo su taya ta daka a ba su ɓaɓɓake. In an yi rasuwa a Zaitawa sai an binne take ji. Ta mayar da Juma'a ranar zuwa birni, ta hau adaidaita sahu da hantsi, ta bi gida-gida, ta dawo da magariba da labarai da ƙullin daddawa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar binciken ba, ni ma ban taɓa kunna mata rakoda ba.

A ofis kuwa tallafin ya ƙare. Masu bayarwa suka aiko da godiya suka ce bana hankalinsu ya koma kan lafiya a matakin farko. Muka rufe fayilolin gidaje muka fara karanta abin da ba mu sani ba a kan ƙananan asibitoci. Haka aikin yake. Sai ka fara jin ka san abu, a ce ka koma aji ɗaya a wani fannin. An ɗaga ni daga mataimakiya zuwa cikakkiyar mai bincike, na yi aure a tsakanin nan, na koma Gwale kusa da ofis.

Motar Babarbare ta zo. Daraktan nan ya ambaci sunansa a inda ya dace, aka naɗa shi mai ba wani kwamishina shawara. Bayan kamar shekara ya kira ni ya ce in zo ofishinsa. Na tarar da mutane a jere a baranda kowa da ambulan a hannu. Ya yi ƙiba kaɗan, ga sanyin na'ura, ga waya biyu suna ta ƙara. Bai tambaye ni shanu ba. Ya ce suna kafa sashen tsare-tsare, yana son in zo in riƙe.

"A can rubutu kuke yi, a nan ake sa hannu," in ji shi.

Na ce tunda a nan ake sa hannu, ina maganar asusun da shi ya fi kowa dagewa a kai?

Bai ɓoye mini ba. Ya ce ya kai maganar sau biyu. An ce masa ba a san ma'aikatar da za ta riƙe shi ba, kuma abu ne da ba a yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto. Ya ce a wata guda yana samun abu ɗaya ƙarami ya wuce, saura kuwa taro ne da rubuta jawabi. "Amma ɗayan nan, Fillo, da ina can da ban samu ba. Ki yi tunani."

Na kai wa Dokta maganar ina tsammanin zai hana ni. Ya ce mutane da yawa sun fita ta wannan ƙofar, wasu sun yi amfani a can, wasu sun ɓace, shi ba zai ce mini komai ba. Ya ƙara da cewa in na tafi zai rubuta mini takardar shaida mai kyau.

Ban tafi ba. Zan so in ce aƙida ce ta hana ni, amma dalilan a cakuɗe suke. Ina da cikin fari, yana ba ni wahala. Zaɓe ya matso, kowa ya san irin kujerar nan tare da mai ita take tashi. Na kuma lura tun ina barandar nan cewa ba na son mutane su riƙa jira na da ambulan. Na kira shi na yi godiya. Ya ce dama Fulani ba su san gari ba. Bayan zaɓe kwamishinansa ya sauka, shi ma ya sauka, bai daɗe ba ya samu gurbin karatu a waje. Muna gaisawa da Sallah.

Yanzu ni ke riƙe da sashen bincike. Dokta ya manyanta, ba kullum yake hawa benen ba. Mafi yawan lokacina yana tafiya ne a rubuta wa masu tallafi takardun neman aiki na gaba, da zama a taro ta kwamfuta da mutanen da ban taɓa gani a fili ba. Akwai shekarar da muka yi wata da watanni ba mu san ko za a ci gaba ba, biyu daga cikinmu suka tafi Abuja, sannan wani aikin ya shigo. An rushe tsohon gidanmu an yi bene, ƙasa shaguna, sama haya. Wani lokaci aiki yana bi da ni ta lungun, in tsaya in gaisa da waɗanda suka rage.

Baffa ya sake buɗe shago da kasonsa, yadi yake sayarwa, abin yana tafiya. Kusan kowace Lahadi yana zuwa bayan gari, su zauna da Baba a ƙofar gida, Gwaggo ta aiko musu da dambu. A irin wannan zaman na same su kwanakin baya. Bayan mun gaisa Baffa ya ce 'yarsa ta biyu ta gama jami'a, ta karanta ilimin zamantakewa, tana zaune ba abin yi, ko akwai wuri a wajenmu. Na ce za mu nemi mataimaka in sabon aikin ya tabbata, ta kawo takardunta kamar kowa, ni kuma ba zan zauna a cikin masu tantance ta ba.

Ya ce hakan ya yi. Sannan ya tambaya, "Aikin naku akwai fansho?"

Na ce, "Babu, Baffa."

Ya dubi Baba, Baba ya ci gaba da cin dambunsa.

"To," in ji Baffa, "ta dai kawo."